Cire Abin Nan Mu Gaisa, Tobashi

Tobashina, Kyaftin na Zurmi, matuƙin jirgin da bai taɓa barin ƙasa ba, ina gaishe ka. Na san ba ka ji ba. Shi ya sa na biyo ta takarda, tunda dai ido har yau ba ka samo masa murfi ba.

Labari ya riga ka isowa Ƙaura, wai ka yi sabon abu. Hedifon. Ba 'yar igiyar iyafis ɗin nan da yara ke cusawa a kunne ba, a'a, babba, mai baka a tsakiyar ka da kofuna biyu da suka lanƙwame kunnuwa ɗungurungum. An ce da shi kake kwana, da shi kake tashi, da shi kake zuwa ɗaurin aure. An ce ran Alhamis a kasuwar Shinkafi wani ya yi ta taya buhun geronka kana gyaɗa kai, ya zaci ka sallama har ya kira mai ɗauka, ashe kiɗa kake bi. Ni na ƙaryata. Na ce tobashina rowa ke damunsa ba kurumta ba, mutumin da in kwabo ya faɗi a Moriki yana zaune a Zurmi zai waiwaya. Sai da Kawu da bakinsa ya ce ya tsaya a kanka cikin zaure yana sallama har ya gaji, ya koma cikin gida yana cewa yaron nan a nema masa rubutu.

Da na tambaye ka a waya wane iri ka saya, me ka ce mini? "Orijinal." Iyakar ilmin ke nan. To gyara zama, ɗan namijin da ake ta kuri da shi, yau wanda kake kira bawanka zai karantar da kai abin da ka ɗora a kanka.

A cikin kowane kofi akwai 'yar sifika: maganaɗisu, da siririn zaren tagulla a naɗe, da wani tantani mai faɗin milimita 40 ko 45 a yawancin manyan. Wuta ta bi zaren, zaren ya tura tantanin gaba ya janyo shi baya, iska ta kaɗa, dodon kunnenka ya ɗauka. Sai dai tantanin nan fuska biyu gare shi. Yadda yake jefa sauti wajen kunne, haka yake jefa wani ta ƙeya. Duk gardamar maƙeran hedifon a kan na ƙeyan nan take: a bar shi ya fita ko a tsare shi? Waɗanda suka ce a bari suka yi wa bayan kofin raga, iska na shiga tana fita. Waɗanda suka ce a tsare suka rufe shi ruf. Naka rufaffe ne. In kana so ka gane da kayan gida, dubi kotson Narambaɗa da kalangun Kassu naku. Kotso fata ɗaya gare shi, gindinsa a buɗe. Kalangu kuwa an rufe shi baki biyu. Ban yi mamaki ba da ɗan Zurmi ya ɗauki kalangu, ko da yake na rantse ba da sani ka yi ba, ƙyallin kwalin ne ya ja ka.

Rufewar tana da ribarta, ba zan ci haƙƙinta ba. Abin da kake ji ba ya tsiyaya waje, na kusa da kai bai san ko tafsiri kake sauraro ko waƙar 'yan fim ba, illa mu da muka san ka mun san wanne ne. Hayaniyar waje tana raguwa. Sautin ƙasa, dum-dum ɗin nan da kuke kira bes, yana cika ya yi kauri saboda iskar ba ta da hanyar gudu. Amma sautin da aka tsare ba zama yake shiru ba. Bangon kofin yake duka ya dawo ya bugi tantanin ta baya, ya cakuɗe da sabon da ke fitowa. Kamfanin da ya san aikinsa yakan cusa soso ko auduga a ciki, ya auna girman kofin, wani ma ya bar 'yar huda ƙarama da ba za ka ko lura da ita ba, duk don ya ladabtar da wannan amo. Wanda bai damu ba sai ya haɗa roba biyu ya rangaɗa mata suna da ruwan zinare. Sai ka ji muryar mawaƙi ta toshe, kiɗa ya dunƙule a tsakiyar kwanya, ba ka iya cewa ga makaɗi can, ga 'yan amshi nan. Buɗaɗɗen ya fi ba da wannan sarari, shi ya sa masu kunne da ke da ɗaki shiru suke son sa. Mu kuma ina muka ga ɗaki shiru? Ga injin niƙa, ga janareta, ga awakin Gwaggonka. Saboda haka a nan na ba ka gaskiya, a ƙasarmu rufaffen ne ya dace. Ka rubuta ranar, don ba kullum ake samu ba.

Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda kake taku da shi kana yi mana kallon ƙauyawa. Tun 1910 wani Ba'amurke, Nathaniel Baldwin, yake harhaɗa irinsa da hannu a kan teburin madafarsa a jihar Yuta, sojojin ruwan Amurka suka gwada suka ce a kawo ƙari. Wato shekara 19 kafin jirgin ƙasa ya iso mana Ƙaura a 1929, jirgin da har ya ci zamaninsa ya daina zuwa bai taɓa jin sunan Zurmi ba. Na san me za ka ce: Namodan da Ƙaurarmu ke amsa sunansa naku ne, daga wajenku ya fito. Gaskiya ne. Sai dai ka tambayi kanka me ya sa ya fito. A 1937 kamfanin Beyer na Jamus ya fitar da DT 48. A 1958 John Koss ya kawo mai raba sauti dama da hagu don masu jin kiɗa a gida. A 1968 Sennheiser ya zo da HD 414, buɗaɗɗe na farko. An yi duk wannan an gama an shanye, kai sai bana ka ji labari, har da ɗaukar hoto kana riƙe da kofi ɗaya da yatsa biyu, kana lumshe ido.

Riƙon nan da yatsa biyu ma na san inda ka kwaso shi, wajen mawaƙan Kano ne a bidiyo. Su da dalilinsu. Mawaƙi a sutudiyo yana tsaye gaban makirfo, kiɗa na shiga kunnensa yana ɗora murya a kai. In kiɗan ya tsiyayo daga hedifon ya faɗa makirfo, aiki ya lalace, sai an sake. Shi ya sa rufaffe suke sawa, kuma shi ya sa waɗanda suka yi suna a wannan fage duk rufaffu ne: DT 770 na Beyerdynamic tun 1985, MDR-7506 na Sony tun 1991, da ATH-M50x na Audio-Technica da ya biyo baya a 2014. Dubi shekarun nan da kyau. Abu ya haura shekara 30 ana sayar da shi bai sauya kama ba, ba shi da fitila mai walƙiya, ba ya magana da muryar Baturiya in an kunna shi. Naka kuwa yana da fitila kala uku, kuma sunan da ke jikinsa ya yi kama da wani sanannen suna, illa harafi ɗaya da ya ɓace a hanya. Ba zan faɗi sunan ba, don kada in tona asirin gidan Kawu.

To mu zo kan daɗin sawa, inda nan ne wahalarka take, kana ɓoyewa.

Waɗanda suka ƙera abin nan a ƙasar sanyi suke. Ba su san watan Afrilu a arewacin Zamfara ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙadangare ma ya nemi inuwa. Kunne waje ne da jiki ke fitar da zafi ta nan, jijiyoyin jini ne cike da fatarsa. Kai ka kama shi ka kulle cikin kofi, ka zagaye shi da soso mai rigar fatar ƙarya wadda ko numfashi ba ta yi. Kafin a gama waƙa uku gumi ya taru. Na gan ka ran bikin ɗiyar Inna, ka ɗan zame shi don a yi addu'a, sai ga zobe biyu jiƙe sharkaf a gefen kanka, kunnuwa sun yi jawur, gumi na bin saje yana ɗiga kan aska tara ɗin da ka aro. Ka waiga hagu ka waiga dama, ka sa hannun riga ka share, ka mayar. Namiji. Da aka tambaye ka ko akwai zafi sai ka ce ai yana da iska a ciki.

Fatar ƙaryar nan kuma ba ta da haƙuri da gishirin gumi. Roba ce aka shafa a kan ƙyalle. Bazara ta jiƙa ta, hunturu ya busar, sai ta fara tsagewa tana ɓarewa. Baƙin ɓurɓushin da ke zuba a wuyan farar shaddarka, wanda uwargida ke ta zargin mai wanki a kai, daga nan yake. Ka wanke bawan Allah, bai ci ba bai sha ba. Magani kuwa ba wuya. Na ƙwarai ana cire sosonsa a sa sabo, abin da ya kamata ka tambaya ke nan tun kafin ka zaro kuɗi daga aljihun nan naka mai zurfi. Akwai kuma soso mai rigar karan-miski, irin da ke zuwa a kan DT 770 na sutudiyo. Shi yana barin fata ta sha iska, yana tsotse gumi, sai dai yana ɗan sakin bes da ɗan shigo da ƙarar waje, kuma ƙurar hunturu tana son sa, sai ana cirewa ana wankewa. Ko wanne ka ɗauka akwai abin da za ka bari. Ni dai a wannan rana tamu karan-miski zan zaɓa, in ba da bes kaɗan in tsira da kunnena.

Sai matsi. Bakan nan ƙarfe ne ko roba mai tauri, aikinsa ya damƙe kofunan a jikin kai don kada iska ta sulale. In ya yi sako-sako sauti ya zube, in ya yi tsanani ya danne mahaɗar muƙamuƙi, ciwon kai ya biyo baya. An auna shi ne da matsakaicin kan ɗan Adam. Kai kuma, tobashi, Allah ya yi maka baiwa. Ungozomar da ta karɓi haihuwarka har ta rasu tana ba da labari. Shi ya sa ka ja bakan har ƙarshensa yana kuka, kuma shi ya sa da la'asar kake aika yaro sayen maganin ciwon kai kana cewa maleriya ce. Masu dabara sukan ɗora sabon hedifon a kan jerin littattafai da suka ɗan fi kai faɗi, ya kwana, ya saki kaɗan. A gidanka na san littattafai za su yi wuya, ka gwada da turmi.

Nauyi ma abin dubawa ne. MDR-7506 giram 230 ne, DT 770 giram 270, M50x giram 285, na Apple ɗin nan da ake kira AirPods Max kusan 385. A hannu bambancin ba komai ba ne. A tsakiyar kai bayan awa biyu, wuya ne zai ba ka labari. Kuma ba nauyin kaɗai ba, yadda aka shimfiɗa shi: baka mai faɗi da laushi yana rarraba shi, siriri yana tara shi waje ɗaya. Sannan zurfin kofi. An ce mai zagaye kunne, to ya zagaye ɗin, kada ya hau kansa, kada kuma leɓen kunne ya riƙa gugar cikin. A nan ma Allah bai rage ka da komai ba, don haka kai kam sai ka gwada kafin ka saya.

Amma babbar fitinar da ba Bajamushen da ya taɓa tunani a kanta ita ce hula. Bahaushe ba ya fita kai sake. Ina za a sa bakan? Ka ɗora shi bisa ƙube, ya yi mata kwari a tsakiya, hular da ka kai aka wanke aka buga aka ɗora a gwangwani ta kwana tana bushewa, ta koma dama da hagu tudu, tsakiya rafi. Ka sa shi ƙarƙashin hula, hula ta tsaya can sama tana rawa, iska kaɗan ta kai ta Dauran. Ran Juma'ar nan na ji ka ɓullo da sabuwar dabara, ka zuro bakan ta ƙarƙashin haɓa. Yara suka bi ka har bakin masallaci suna tambaya ko haƙori ke ciwo. Ga kuma gilashin gayun da kake maƙalawa, wanda ba likitan da ya rubuta maka shi. Sandunansa suna ɗaga soson, su buɗe 'yar kafa, bes ɗin da ka biya kuɗi dominsa ya bi ta nan ya gudu, su kuma sandunan su nutse cikin fata. Gwada da kanka: kana cikin ji ka zare gilashin, za ka ji ƙasa ta dawo. Dole ka zaɓi gayu ɗaya, ba a hawa biyu a lokaci guda.

Na yarda da abu ɗaya. Cikin hunturu, da asubar Janairu, iska na busowa daga arewa tana yanka kunne, ba wanda ya kai ka morewa. Wata biyu ke nan a shekara. Sauran goman kuwa sai haƙuri.

Yanzu sauti. Yaya ka gwada shi a shago? Na san yadda kuka yi. Mai shago ya sa maka kiɗan da ba komai cikinsa sai dum-dum, ya ƙure murya, kanka ya girgiza, ka washe baki ka ce a naɗe. Wannan ai gwajin girgiza ne. Bes shi ne abu mafi sauƙin ƙarawa, kuma da shi ake rufe aibi. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana kama sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma kusan kowane kwali haka yake rubutawa, na arha da na tsada, don haka lambar ba ta gaya maka komai. Abin tambaya shi ne yadda aka raba ƙarfi tsakanin ƙasa da tsakiya da sama. Murya a tsakiya take zaune. Mu kuwa kiɗanmu na murya ne. Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru, Jankiɗi, duk jan hankalin yana cikin kalma, da yadda jagora ke saki 'yan amshi su cafe. Kalangun Kassu ma magana yake yi, hawa da saukar amonsa ne zancen. In bes ya kumbura ya hau kan tsakiya, sai ka ji ana ta duka amma ba ka san me aka ce ba, ga shi Narambaɗa mutumin Tubali bai yi waƙa don a girgiza kai kawai ba.

Don haka in za ka gwada, tafi da naka. Sa karatun Alƙur'ani na makarancin da ka saba da muryarsa, ka ji ko haruffa suna fita daga mafitarsu, ko sin tana tsira kunne, ko muryar ta koma ta mai mura. Sa Bakandamiyar Narambaɗa, ka ji ko kana iya rarrabe bakunan 'yan amshi ko sun zama dunƙule ɗaya. Sa labaran rediyo. Kuma ka yi shi da murya madaidaiciya, don komai in aka ƙure shi yakan yi kamar ya fi daɗi. A kamfanin Harman na Amurka, Sean Olive da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna sa mutane sauraro ba tare da sun san sunan abin da suke ji ba. Abin da suka samu shi ne yawancin mutane suna son a ɗan ɗaga bes, a bar murya a fili. Ɗan ɗagawa, tobashi. Ba irin naka da in ka kunna gashin bakinka ke motsi ba.

Kada kuma ka ɗora wa hedifon laifin da ba nasa ba. Waƙoƙin da ke cikin memorinka daga ina suka zo? Daga faifan garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa kwamfutar mai tura waƙa a bakin tasha, wanda ya matse su don dubu su shiga kati ɗaya, sannan suka bi WhatsApp hannu zuwa hannu. Abin da aka zubar a hanya ba kofin da zai maido shi. Na ƙwarai ma tona asiri yake yi, ya jiyar da kai shuuu ɗin kaset da duk wata tsatsa. Haka nan in wata rana ka yi arziki, ko ka ci gadon rowarka, ka je sayen na sutudiyo, dubi lambar om. DT 770 yana zuwa da 32, da 80, da 250. Na 250 wuta yake so, in ka jona shi a 'yar wayarka zai yi ta raɗa, ka dawo kana cewa an cuce ka. Na waya shi ne mai ƙaramar lamba. Mai igiya kuma ba ruwansa da caji, abin da ya kamata mutumin da ke kai wayarsa shagon caji kullum ya yi tunani a kai kafin ya ƙaro wa kansa baki na biyu mai cin wuta.

Ka ce mini kwalin ya rubuta yana kashe hayaniya. Iri biyu ne. Akwai toshewar kofi da soso kawai, ita tana tare siririn sauti, kukan yara, ƙarar kwano, kiran uwargida, amma gurnanin janareta yana ratsa ta ya wuce. Akwai kuma na lantarki, mai 'yan makirfo da ke sauraron ƙarar waje su ƙirƙiro kishiyarta, biyun su haɗu su kashe juna. Amar Bose ne ya ɗauki tunanin a cikin jirgin sama a 1978, kamfaninsa ya fara sayar wa matuƙa jirgi a 1989. Wannan ya fi ƙwarewa a kan ƙara mai kauri da ba ta sauyawa, irin ta inji. Na gwada maɓallin naka ran da ka shiga alwala. Na danna, shuɗiyar fitila ta kama, injin niƙan maƙwabta ya ci gaba da harkarsa. Wato naka ya toshe muryar matarka ya bar janareta. Ko da yake, da na sake tunani, wataƙila abin da ka je nema ke nan.

Ga inda rufaffen ke da lada in mai shi na da hankali. Tunda ya rage hayaniya, ba ka bukatar ƙure murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. In ya kai 90, awa 4 ne. In ya kai 100, minti 20 kacal a mako ɗungurum. Ta kuma ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. 'Yan ƙwayoyin da ke can cikin kunne masu kama sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa, ba a Gusau ba, ba a Misira ba. Ƙugin nan da kake ji in ka kwanta da dare, wanda ka ce aljanun tsamiyar bayan gida ne, gargaɗi ne. In wanda ke zaune kusa da kai yana jin abin da ke cikin rufaffen hedifon, to ka wuce gona da iri. Kai kuwa daga ƙofar gida ake bin amshinka.

Saura magana ɗaya, ita kuma ba wasa a ciki, ko da ni da kai ba mu saba ba. Kai ka san hanyar da kake bi. Zurmi zuwa Ƙaura, Ƙaura zuwa Shinkafi, ka san yadda shekarun nan suka mayar da su. Mutanenmu da kunne suke tafiya: ƙarar babura daga daji, shirun da bai kamata ba a ƙauyen da aka saba jin daka, direban da ya fito daga gaba ya rage gudu ya jefo kalma biyu ta taga. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, da me muka rayu in ba baki da kunne ba? Ko a cikin gari, ɗan kabu-kabu yana danna oda ne da zaton kana ji. Wanda ya ƙera abin nan ya yi shi don mai zaune a ɗaki ko a kujerar jirgi. In ka hau mota ko babur, ko ka fita gona, sauke shi a wuya ko ka jefa a jaka. A zaure ma haka. Dattijo ya yi sallama a amsa masa, ladan ya kira a ji. Da dare in ka rufe ƙofa, yara sun yi barci, ka kwanta da Kassunka har asuba, ba mai hana ka.

Kada ka ce hassada ce, don na san abin da za ka bi gari kana faɗa ke nan. Ni rediyona mai batir biyu ta ishe ni, kuma hulata lafiya lau take.

Watan cika-ciki na tafe. Tunda ka ce kai ne ubangida, ka san wanda shara ta hau kansa, ga ta bara ma ba ka kawo ba, ka ce ba ka ji aiken ba. Bana a rubuce take. Ka ba direban motar Zurmi ya sauke mini a tasha, kuɗi nake so, kada ka aiko mini da hedifon mai ɓarewa a madadinsu. In kuma kana da bakin ramawa, shafin nan a buɗe yake mako mai zuwa, ka samu wani yaron Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura ya rubuta maka. Ka gaida Kawu da uwargida, kuma ka cire abin kafin ka isar da gaisuwar.